Sauya Cikakkun Lambobi zuwa Lambobin Romawa ta Hanyar Aiki Mai Kiran Kansa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake mayar da lambobi 1 zuwa 3999 zuwa rubutun Romawa da aiki mai kiran kansa. An nuna cewa dole aikin ya tsaya, an auna zurfin kiransa, kuma an kafa hujja cewa ƙa'idar rubutun tana cikin jadawalin darajoji ne, aikin kuwa binta kawai yake yi.

Gabatarwa

Alamomin Romawa bakwai ne: I, V, X, L, C, D, M, darajarsu 1, 5, 10, 50, 100, 500 da 1000. Babu sifili a cikinsu, kuma gurbin alama ba ya ninka darajarta kamar yadda yake yi a lambobin Indiya da Larabawa, waɗanda littafin Liber Abaci na Fibonacci ya taimaka wajen yaɗa su a Turai daga 1202. Duk da haka alamomin Romawa ba su ɓace ba, ga su a fuskar agogo da shafukan farko na kundin digiri. Malaman kwamfuta na son matsalar mayar da lamba zuwa rubutun Romawa saboda ɗalibi zai iya bin sawunta da biro da takarda kafin ya taɓa na'ura.

Tsarin Aikin

Ana jera darajoji goma sha uku daga babba zuwa ƙarami: alamomin nan bakwai, da tagwaye shida na ragewa, wato CM, CD, XC, XL, IX da IV, masu darajar 900, 400, 90, 40, 9 da 4. Idan aka ba aikin lamba, sai ya nemi daraja mafi girma da ba ta wuce lambar ba, ya rubuta alamarta, ya cire ta, ya kira kansa da ragowar. In ragowar ta kai sifili, sai ya dawo hannu wofi, nan kiran ya ƙare.

A ɗauki 1994. Kiran farko ya rubuta M, saura 994. Na biyu ya tarar 1000 ta yi yawa, ya ɗauki CM, saura 94. Na uku ya ɗauki XC, na huɗu IV. Kiran ƙarshe ya iske sifili, amsoshin suka dawo da baya suna haɗuwa: MCMXCIV.

Dalilin tsayawar a fili yake. Kowane kira yana cire aƙalla 1 kuma ba ya cire abin da ya fi lambar, don haka ragowar na raguwa har ta faɗa kan sifili. Lamba mai ƙasa da sifili ba ta da darajar da za ta dace da ita, tilas a tace ta tun a ƙofa.

Sakamako da Tattaunawa

Lambar da ta fi jan kira ita ce 3888, wato MMMDCCCLXXXVIII: alamomi 15, kira 16 har da na tsayawa. Wannan ya yi nisa ƙwarai da iyakar kira 1000 da harshen Python ke sanyawa tun asali, saboda haka fargabar cika ma'ajiyar kira ba ta da tushe a wannan zango. Sai an cire shingen 3999 take tasowa, domin miliyan ɗaya na buƙatar M dubu a jere.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ke faruwa in aka goge tagwayen nan shida, ba a taɓa aikin ba ko kaɗan. Sai 1994 ta fito MDCCCCLXXXXIIII. Ɗalibi zai ce manhajar ta lalace, alhali Baromen zamanin da zai karanta ta lami lafiya. A ƙofofin Kolosiyam na birnin Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, an sassaƙa 44 a matsayin XLIIII, an rage a gurbin gomomi, an jera a gurbin ɗaiɗai. Masu ƙera agogo ma har yau IIII da yawansu ke bugawa. Ke nan tsarin da ake koyarwa a aji zaɓi ne da aka daidaita a kai daga baya. Manhajar Excel ta yarda da haka, domin aikinta na ROMAN yana da salo biyar, yana iya rubuta 499 a matsayin CDXCIX ko kuma ID.

A ganina kuskure ne a cusa dokokin ragewa cikin jikin aikin ta hanyar sharuɗɗa barkatai, kamar yadda masu koyo ke yawan yi. Gara a miƙa jadawalin ga aikin tare da lambar, ta yadda aiki guda zai fitar da rubutun littattafan makaranta, da na fuskar agogo, da na ƙofofin Kolosiyam. Na ƙarshen ba ya buƙatar komai sai a cire IV da IX daga jadawalin.