Wasiƙa Daga Washington: Jajin Mutanen Sham

  Mu nan sanyi ne dai ya fara matsa mana.

Juma'ar da ta wuce na yi salla a masallacin Dar Al-Hijrah da ke Falls Church, kusa da birnin Washington. Bayan an sallame, a ɓangarenmu na mata, na ga wata dattijuwa 'yar Siriya zaune da littafi a cinya, mata sun kewaye ta. Wannan tana neman mai yi mata tafinta a asibiti, waccan tana son koyon tuƙi, wata kuma kuɗin haya ne ya sha kanta. Ita kuwa tana rubutawa, tana haɗa kowa da mai taimakonsa. Babu wanda ya naɗa ta, amma maganarta ce ake bi.

Yaƙin Siriya ya ɓarke a 2011, ya kori mutum sama da miliyan 6 daga ƙasar. A 2014 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce cikin kowane gida huɗu na 'yan gudun hijirar da ke Jodan, Labanon, Iraƙi da Masar, ɗaya mace ce ke riƙe da shi ita kaɗai, don maigida ya mutu, ko an tsare shi, ko ya ɓace. Marubuciya Samar Yazbek ta kafa ƙungiyar Women Now a 2012 don koya wa irin waɗannan mata karatu da sana'a. Amurka ta karɓi 'yan Siriya sama da 10,000 a 2016, wasunsu nan yankinmu suka sauka. Gwamnatin Assad ta faɗi a Disamban 2024, da yawa sun koma gida, amma masu 'ya'ya a makaranta suna nan.

Ina kallon dattijuwar nan sai Nana Asma'u ta faɗo mini a rai, domin ita ma ta ɗanɗana hijira. Tana da kimanin shekara 11 lokacin da mahaifinta Shehu Usmanu ya bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa, ta ga annoba, ta ga yadda yaƙi ke barin zawarawa da marayu. Da abubuwa suka lafa, ƙauyuka sun cika da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu, ga rashin ilimi.

A shekarun 1830 ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci daga ƙauye, ta ɗora mata malfa da jan rawani, a kira ta jaji. Jaji ce ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wajenta, su haddace waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan aure da ba sa iya fita. Hatsi da zuma da suke kawo mata kuwa, mabuƙata take rabawa. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Na kawo wannan tarihi ne saboda mu ma abin ya zo mana gida. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, galibinsu mata da yara. Goggo, ke da ƙungiyarku ta masu kai zakka, idan kun je wajen 'yan gudun hijira, kafin ku sauke buhu ku tambayi matan wace ce suke jin maganarta. Ita ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da wadda kunya ta hana ta shiga layi.

A gaida Inna da kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah Ya kai mu.