Daga Jirgin Sama Zuwa Tukunya: Tarihin Goran-ruwa a Fagge da Sabon Gari

A watan Yulin 1959, wani Ba'amurke mai suna Wally Byam ya jagoranci jerin motoci daga birnin Cape Town da ke Afirka ta Kudu, da niyyar kaiwa Alƙahira ta ƙasa. Kowace mota na janye da ɗaki mai tayoyi, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda a cikinsa akwai gado da murhu da makewayi. Ɗakunan 41 ne, dukansu ƙirar kamfaninsa na Airstream, kuma sunan da ya ba tafiyar a harshensu yana nufin ayari. Ayarin ya bi ta Kwango da Yuganda da Kenya da Habasha da Sudan, ya isa gindin dalar Fir'auna a farkon 1960.

Har yau a Amurka akwai masu neman irin waɗannan tsofaffin ɗakuna na tafi-da-gidanka, su saya, su shafe watanni suna gyarawa har su koma kamar ranar da aka ƙera su. Ƙarfen da aka yi su da shi, wato alminiyam, wanda Hausawa ke kira goran-ruwa ko sanholo, ya daɗe da isowa Kano, kuma a Fagge da Sabon Gari akwai hannayen da suka san shi sarai. Sai dai a Kano tsohon goran-ruwa ba ya samun mai adana shi. Ana narkar da shi a zuba tukunya. Yadda aka yi hanyoyin biyu suka rabu, da abin da Kano ta samu da wanda ta rasa, shi ne labarin da ke tafe.

Ƙarfen da jirgin sama ya rena

Goran-ruwa ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, amma raba shi da dutsen da yake ciki ya gagari mutane har cikin ƙarni na 19. A 1884, da Amurkawa suka kammala hasumiyar tunawa da George Washington, da shi suka yi mata tulluwa, domin a lokacin ƙarfe ne na alfarma. Bayan shekara biyu, a 1886, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangare, suka gano hanyar tace shi da wutar lantarki, farashinsa ya faɗi. Nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa irin mai cinye jiki. Wata fatar toka-toka ce ke rufe shi ta kare abin da ke ƙarƙashinta. Wannan ya sa maƙeran jiragen sama suka rungume shi.

Daga wurinsu dabarar ta gangaro kan titi. Hawley Bowlus, wanda ya kula da ƙera jirgin da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atilantika da shi a 1927, shi ne ya fitar da ɗaki mai tayoyi a 1934 bisa tsarin jikin jirgi: haƙarƙari na goran-ruwa, an lulluɓe shi da falle-falle, an ɗinke da ƙusoshin ribiti. Byam ya bi sawunsa a 1936. Sunan ƙirar ya kai inda a 1969, da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka dawo daga duniyar wata, a cikin wani ɗakin Airstream aka killace su.

Wanda ya sayi tsohon irin wannan ɗaki yakan tarar da matsala iri ɗaya. Ɓawon na sama yana nan lafiya, amma yana zaune ne a kan daɓen katako, daɓen kuma a kan shasi na baƙin ƙarfe. Ruwan sama na silalowa ta gefen tagogi shekara da shekaru, ya ruɓar da katakon, ya sa shasin tsatsa. Duk inda goran-ruwa ya haɗu da baƙin ƙarfe cikin danshi kuwa, goran-ruwan ne ke cinyewa, ya koma farin gari. Cikakken gyara na bukatar a cire ribiti ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga ɓawon gaba ɗaya, a yi wa shasin walda, a sake daɓe, sannan a mayar. Buga sabon ribiti aikin mutum biyu ne, ɗaya a waje da na'urar bugawa, ɗaya a ciki yana tokare da dunƙulen ƙarfe. Gogewar da ke dawo da ƙyallin ita kaɗai takan ci makonni.

Fagge, masaukin ayari

Tun kafin a ƙirƙiro mota, Fagge ta san matafiyin da ke tafe da gidansa. A wajen ganuwa take, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai, kuma nan ne zangon da ayarin raƙuman Azbinawa da fatake ke sauka da gishiri da kanwa da dabino, su kafa bukkoki da tantuna, su ɗaure dabbobinsu. Kowane zango kuwa yana da masu gyara: dukawan da ke ɗinke sirdi da salka, da maƙeran da ke gyara linzami da sarƙa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma a 1913 Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas. A cikinsu akwai kafintoci da direbobi da makanikai waɗanda suka koyi aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa da ta ayyuka. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ana bukatar abin da zai kwaso ta daga ƙauyuka zuwa tasha. Kamfanonin Turawa sukan shigo da manyan motoci irin su Bedford da inji da shasi da kai kawai, sai kafintocin gida su gina musu bodin katako, masu fenti su ƙawata su da zane da rubutu. Tun daga farko, ke nan, mota a Kano abu ce da ake ƙarasawa a gida, a kuma ci gaba da sāke mata fasali muddin injinta na tashi.

Goran-ruwa mai yawa ya fara isowa ne ta sama. Jiragen sojan Ingila sun sauka Kano a watan Nuwamban 1925, kuma a 1936 aka fara jigilar yau da kullum. Da yaƙin duniya na biyu ya toshe hanyar Bahar Rum, daga 1940 sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi, a haɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, kuma filin da suke sauka yana cikin ƙaramar hukumar Fagge ta yau.

Bayan yaƙi ƙarfen ya iso ta ƙasa. Ƙarancin baƙin ƙarfe a Ingila ya sa kamfanin Rover ya fitar da Land Rover a 1948 da jikin goran-ruwa a kan shasin ƙarfe, tsari ɗaya da na ɗakin Byam, da kuma rauni iri ɗaya. Ita ce ta zama motar rangadin Di'o da jami'an En'e da malaman gona da na asibiti. A ƙarshen shekarun 1940 kuma, iyalai daga Ingila masu neman sabuwar rayuwa a kudancin Afirka sun riƙa ratso Sahara cikin tsofaffin motocin soja da suka mayar ɗakin kwana. Hanyarsu ita ce ta Aljas da Tamanrasset da Agadas da Damagaram, kuma Kano ce babban birni na farko da za su sami makaniki da kayan gyara. 'Yan yawon buɗe ido na shekarun 1970 da 1980 sun bi wannan sawu, har lokacin da tawayen Azbinawa a Nijar da yaƙin basasar Aljeriya suka kashe hanyar a farkon shekarun 1990.

Hannun da ya iya

A garejojin Sabon Gari da na Kwakwaci, mai gyaran bodi ya san goran-ruwa ba ya karɓar guduma kamar baƙin ƙarfe. Idan aka cika bugunsa sai ya miƙe ya yi tumbi, idan aka ci gaba ya taurare ya tsage, don haka sai an ɗumama shi ya yi laushi kafin a koma kansa. Ɗumamawar ma tana da haɗari, domin ba ya yin ja ya gargaɗi mai aiki kamar yadda baƙin ƙarfe ke yi. Yana nan fari fat har lokacin da zai zube. Waldarsa ta fi wuya, shi ya sa ribiti ya fi dacewa da shi. Wannan ilimi ba a aji ake samunsa ba. Yaro ne ke shekaru a gaban maigidansa, daga miƙo sifana har ranar da za a yaye shi.

Bukatar wannan ilimi ta ƙaru bayan 1986, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira. Masana'antun haɗa motoci, irin su Peugeot ta Kaduna wadda ta fara aiki a 1975 da ta manyan motocin Fiat a Kano, suka shiga halin ni-'yasu, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Ƙasar ta koma kan motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai, da kuma kan masu iya tsawaita musu rai. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta cika da sassan motocin da aka farke. A tsaunin Mambila kuwa, tsofaffin Land Rover sun ci gaba da hawan hanyoyin da ƙananan motoci ba sa iya bi.

Gyaran Kano dai manufarsa ɗaya ce: abin ya koma bakin aiki. Ba ruwan mai mota da ko fitilar ta asali ce, ko injin na kamfanin da ya ƙera jikin ne. Mai gyara a Amurka kuwa yakan yi wata da watanni yana neman marfin taga na shekarar da aka ƙera ɗakinsa, domin a kasuwarsu asali ne ke sa kuɗi. Hannu ɗaya zai iya aikin biyu. Abin da mai biya ke so ne ya bambanta.

Inda tsohon goran-ruwa ke zuwa

Ranar da mota ta daina ciyar da mai ita, sai ta faɗa hannun 'yan gwangwan, kuma a sikelinsu goran-ruwa ya fi baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. Yana narkewa a ma'aunin zafi 660, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500, don haka gawayi da zugazugi sun isa. Sake narkar da shi na cin kusan kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake kashewa wajen tace sabo. Ga shi kuma Nijeriya ba ta tace nata: masana'antar ALSCON ta Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, sayar da ita kuma ya zama shari'a ta shekaru. Saboda haka tsohon fistin da tukunyar giya ta mota da gwangwanin lemo su ne ma'adinan da ke hannu.

Kano ta gaji maƙeran baƙi masu ƙera fartanya da gatari, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Zubin goran-ruwa ya zo ya zauna kusa da su. Masaniyar tarihi Emily Osborn ta nuna cewa sana'ar ta bunƙasa a Afirka ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu, ta yaɗu daga gari zuwa gari ta hannun masu ƙaura da almajiran sana'a. Ana danna tsohuwar tukunya cikin yashi mai laima a akwati biyu, a zare ta, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Abin da ke fitowa shi ne wanda jama'a ke kira tukunyar dalma, wadda ta maye gurbin tukunyar ƙasa a yawancin gidaje, kuma babu gidan biki ko tsangayar da ke girki ba tare da ita ba.

Wannan tsari ya ciyar da dubban mutane, ya kuma hana ƙarfe zama shara tun kafin batun sake sarrafa kaya ya zama abin yayi a duniya. Amma yana da farashin da ba a cika lissafawa ba. Motocin da suka yi dakon dalar gyaɗa, da na majigi da suka zaga ƙauyuka suna nuna fim, da Land Rover ɗin rangadi, da motocin bodin katako da zanensu, kusan duka sun wuce ta kan sikeli. Shahararriyar motar da Nijeriya ta adana ita ce Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, kuma tana gidan tarihi na Legas ne, duk da cewa shi ɗan Kano ne. Gidan tarihi na Jos ya ajiye wasu kayan ƙaramin jirgin ƙasan Bauchi. Kano kuwa, wadda sufuri ya gina arzikinta tun zamanin raƙumi, tana da Gidan Makama mai ba da labarin sarauta da ganuwa, amma tarihin direba da makaniki da kafintan bodi yana hannun tsofaffin da suka yi aikin ne kawai.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin birnin ba. Tsohuwar mota ɗaya da wani attajiri ko wata jami'a ko ƙungiyar direbobi za ta saya a kan kuɗin da ya ɗara na ɗan gwangwan, ta miƙa wa tsohon maigida a Kwakwaci tare da yaransa, a gyara ta bisa asalinta, a rubuta abin da ya faɗa yayin aikin, za ta adana ƙarfen da ilimin a lokaci guda. Masu wannan ilimi da suka koyi aiki a shekarun 1960 yanzu sun haura saba'in, kuma farashin goran-ruwa a sikeli ba ya jiran kowa.