Isack Hadjar: Matakan da ya hau a tseren motoci da abin da ke gabansa

Isack Hadjar direban tseren motoci ne ɗan ƙasar Faransa, wanda asalin danginsa daga Aljeriya suke, maƙwabciyar Nijar ta arewa. Sunan nasa daidai yake da Is'haƙ. An haife shi a birnin Faris ranar 28 ga Satumba, 2004. Mahaifinsa masanin kimiyyar fiziks ne, shi ya sa akan ga alamomin lissafi zane a jikin hular kwanon da yake tuƙi da ita.

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata ɗalibi ya san yadda wannan sana'a take. Gasar Fomula 1 ita ce ƙololuwa, kuma ba a shigarta kai tsaye. Yaro yakan fara da 'yan ƙananan motoci marasa rufi da ake kira kat, sannan ya hau Fomula 4, ya wuce Fomula 3, ya kai Fomula 2, kamar yadda almajiri yake bin littattafai daga ƙarami zuwa babba. Hukumar tseren motoci ta duniya, wato FIA, ba ta ba da babban lasin Fomula 1 sai ga wanda ya tara maki 40 daga sakamakon ƙananan gasanni. Hanya ce mai cin kuɗi ƙwarai, don haka mafi yawan matasa sai wani babban kamfani ya ɗauki nauyinsu suke kai labari.

Hadjar ya shiga Fomula 4 ta Faransa a 2019, ya gama na uku a 2020. A 2021 ya koma gasar yankin Turai, ya ci tsere a titunan Monako. Wannan nasara ce ta jawo hankalin Helmut Marko, dattijon Ostiriya da ke kula da matasan direbobin Red Bull a lokacin, aka sa shi cikin makarantarsu daga 2022. Ana yi masa laƙabi da ƙaramin Prost, domin kamanta shi da Alain Prost, Bafaranshen da ya ci kambin duniya sau huɗu. Laƙabi ne mai nauyi ga yaron da bai riga ya ci komai ba.

Ya gama na huɗu a Fomula 3 a 2022. Shekararsa ta farko a Fomula 2 ba ta yi kyau ba, domin na 14 ya zo. A 2024 ya koma ƙungiyar Campos, ya ci manyan tsere huɗu, ya iso zagayen ƙarshe a Abu Dabi da tazarar rabin maki kacal tsakaninsa da Gabriel Bortoleto ɗan Brazil. A tseren ƙarshe motarsa ta mutu a wurin tashi, sauran suka wuce suka bar shi, kambi ya tafi ga Bortoleto.

Duk da haka an ba shi kujera a Racing Bulls, ƙaramar ƙungiyar Red Bull, a kakar 2025. Ranarsa ta farko, 16 ga Maris a Ostireliya, ta fi ta Abu Dabi ciwo. Ana ruwa, hanya da santsi, ya zame ya daki shinge a zagayen ɗumama tayoyi, tun ba a fara tseren ba. Ya fito yana kuka, mahaifin Lewis Hamilton ya tare shi yana rarrashinsa, shi kuwa Marko ya nuna a fili cewa kukan bai yi masa daɗi ba. Abin da ya biyo baya shi ne hujjar masu yabonsa: bai sake irin wannan kuskure ba a tseren da suka biyo, ya zo na shida a Monako, sannan ranar 31 ga Agusta a Zandvoort ta ƙasar Holan ya tashi daga gurbi na huɗu ya gama na uku, bayan Oscar Piastri da Max Verstappen. Gaskiya ne lalacewar motar Lando Norris ta taimaka masa, amma riƙe gurbi na huɗu tsawon tsere da motar ƙaramar ƙungiya, alhali Ferrari da Mercedes na bayansa, aikinsa ne. Kofin ma ya karye a hannunsa wajen ɗaukar hoto, abin da ya zama abin dariya a ranar.

A watan Disamba na 2025 aka sanar cewa zai koma babbar ƙungiyar Red Bull a 2026, ya zama abokin aikin Verstappen. A nan mas'alar take. Verstappen ya ci kambin duniya sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, kuma kujerar da ke kusa da shi ta cinye mutane. An sauke Pierre Gasly a tsakiyar 2019 bayan tsere 12. Alex Albon ya rasa ta a ƙarshen 2020. Sergio Perez ya yi shekara huɗu ya tafi, Liam Lawson tsere biyu kawai ya yi aka mayar da shi, Yuki Tsunoda ya ƙarasa 2025 bai tsira da ita ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne motar tana da saurin juya gaba, irin yadda Verstappen yake so, wanda ke sa bayanta rawa a kwana, kuma ba kowane direba ke iya zama da hakan ba.

Abin da ya bambanta halin Hadjar da na waɗannan shi ne lokacin zuwansa. A 2026 dokokin ƙera motocin sun canza gaba ɗaya: kusan rabin ƙarfin inji daga lantarki zai fito, an sauya nau'in mai, fikafikan motar kuma suna motsi yayin gudu. Red Bull ma a karon farko da injin da ta ƙera da kanta za ta fito, tare da haɗin gwiwar Ford. Ke nan ba zai gaji motar da aka daɗe ana gyarawa bisa hannun wani ba, su biyun za su fara koyonta tare. A ganina wannan dama ce ta gaske, sai dai tana da haɗarinta, domin idan sabon injin ya gaza, matashin ne za a fara tuhuma.

Mai son auna shi kada ya tsaya ga yawan kofuna. Ya dubi tazarar da ke tsakaninsa da Verstappen a gwajin gudu na ranar Asabar, wanda ke tantance gurbin tashi, domin a nan ne motarsu ɗaya, kuma a nan ne waɗanda suka gabace shi suka fara faɗuwa.