Zaɓen Sabuwar Tayar Jif: Karanta Jikinta Kafin Ka Biya

Motar jif ɗin ɗan Arewa mazaunin Agege, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, aiki biyu take yi. Galibin shekara tana cikin ruwan saman kudu da ramuka, in Sallah ta zo kuma a lafta mata iyali da kaya a nufi gida, tafiyar kilomita dubu ko fiye a kan kwalta mai zafi. Don haka tayar da za ka saya dole ta iya da duka biyun.

Ni da kaina na ɗanɗana. Wata shekara, ana saura kwana uku Babbar Sallah, na sayi tokumbo guda biyu a wani shago saboda sun yi baƙi sul, zanensu kuma da sauransa. Tsakanin Jebba da Mokwa ta baya ta fashe, yara na cikin mota. Allah ya tsare. Mai facin da ya taimake mu ya nuna mini wasu lambobi a jikinta, ya ce: "Alhaji, ai wannan ta shekara tara." Tun daga ranar ba na sayen taya sai na karanta ta.

Girma da nauyi

Buɗe ƙofar direba, za ka ga 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin, ɗauke da girman tayar da kamfani ya tsara wa motar da yawan iskar da za a sa. A misali, Prado da yawa suna amfani da 265/65 R17 112H. Ga ma'anarsu:

- 265: faɗin taya a milimita.
- 65: tsayin gefenta, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin.
- R17: girman rim, inci 17.
- 112: nauyin da taya ɗaya ke ɗauka, kilo 1,120. Mai lamba 105 kilo 925 kacal take ɗauka.
- H: iyakar gudunta, kilomita 210 a awa. T 190 ne, S kuma 180.

Lambar nauyin nan ita aka fi raina wa, alhali mu da ke ɗora buhunan doya da jarkokin manja ita ta fi shafa. Kar ka yarda a sa maka wadda ta gaza abin da ke kan takardar, ko da girman ya zo daidai.

Shekarun taya

Nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Roba na bushewa ko da ba a taɓa hawa kanta ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta FRSC ke cewa a daina amfani da taya in ta cika shekara 4 da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuwa shawararsa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai 5, a cire ta in ta kai 10 komai kyanta. In ka ga an kankare lambar, ko kamar an sake buga ta, ka bar musu kayansu.

Irin zane

Tayar jif iri uku ce. H/T ta kwalta ce, ba ta da ƙara, tana riƙe titi lokacin ruwa, ba ta kuma shan mai sosai. A/T tana yin kwalta da hanyar ƙauye, ita ta dace da wanda zai sauka daga babban titi ya shiga burji. M/T ta taɓo ce, tana da kyan gani amma ƙararta ta yi yawa, birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta kuma bai kai na sauran ba. A duba wurin da aka rubuta darajar jure zafi: A ta fi B, B ta fi C. Mai tafiya Arewa ya nemi A.

Maganar tokumbo

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙira a Ikeja a 2008, kasuwa ta koma dogaro da tayoyin waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, amma ga su nan jibge. Wasu ma na ƙasashen sanyi ne, za ka gane su da hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu laushi gare ta, zafinmu na cinye ta da wuri. Araha ba ta ado: sabuwa ta kamfani mai matsakaicin suna ta fi tsohuwa mai babban suna.

Guda nawa za a canza?

In motarka mai jan ƙafa huɗu ce, mafi kyau a canza duka huɗun tare, iri ɗaya, domin bambancin girma na wahalar da giya da difaranshal. In aljihu bai kai ba, sayi biyu ka sa su a baya, don ƙafar baya ce ke hana mota juyawa in an taka birki a ruwa. Duba cikin ramin zane, akwai ɗan tudu; in zanen ya suɗe ya yi daidai da shi, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki.

Bayan an ɗaura, a yi balansin da alaimen. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta ɗau zafi, bisa lambar takardar ƙofa. Wadda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kuma masu faci da dama da ita suke aiki. Sayi ma'aunin iska naka ka ajiye a mota. Kafin ka kama hanyar gida, ka sauke sifiyar da ke ƙarƙashi ko bayan mota ka karanta nata lambobin ita ma.