Tarihin Bututun Mai a Tsohuwar MGB

Duk wanda ya taɓa ganin an tayar da tsohuwar mota ya san fenti da kujeru ake fara yabawa. Ba mai leƙa ƙarƙashinta, alhali can ne abin da ke iya ƙone ta yake.

Mu ɗauki MGB, 'yar ƙaramar motar tsere da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, har sama da guda 500,000. Tankinta na baya, famfon lantarki ne ke tura fetur ta siririn bututun ƙarfe da ya bi ƙarƙashin mota zuwa kafireta biyu. Su kuwa kafiretocin a saman bakin salansa suke zaune, 'yar farantin kare zafi ce kawai a tsakani. Tiyo ya tsage a nan, fetur ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi, sai gobara.

Irin wannan bututu asalinsa Detroit ne ta Amurka. A shekarun 1920 Harry Bundy ya fito da dabarar naɗe fallen ƙarfe mai rufin tagulla sau biyu a gasa shi ya haɗe, kamfanin Ford ya karɓa. Yana da ƙwari, amma gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye shi da tsatsa. Shi ya sa a 1976 Volvo ya koma gaurayen tagulla da nikel a bututun birki. Yau masu tayar da tsofaffin motoci da shi suke jan layin mai, don ba ya tsatsa, kuma yana lanƙwasuwa da hannu.

Babban sauyin ma daga fetur ɗin ya zo. A Satumban 2021 Birtaniya ta koma E10, mai ɗauke da etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol na jawo ruwa, yana kuma lalata robar da. Mu ma mun ɗanɗana makamancin haka a Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan.

Akwai masu cewa dole komai ya zama na asali. A ganina, a sitiyari da fitila suna da gaskiya. A tiyon mai kuwa, a'a. Bakanike mai hankali zai cire tsohon layin gaba ɗaya, ya auna sabo a jikinsa, ya sa tiyo mai lambar R9, ya sabunta kilif, sannan ya kunna famfo ya bi kowace mahaɗa da ido kafin ya tayar da inji.