Yadda Aka Gano Gubar Dalma a Zamfara

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kurfai, ga tarihin abin da ya sami maƙwabtanmu na Zamfara, cikin Najeriya.

A shekarar 2010 yara ƙanana suka dinga mutuwa a ƙauyukan Dareta da Ƴargalma. Yaro ya kama amai, jiki ya ɗau jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Aka ba da maganin masassara, bai yi aiki ba. Likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jinin yaran Jamus. Amsa ta dawo: dalma ce cikin jinin.

Daga ina ta fito? Zinariya ta yi tsada, maza suna haƙo duwatsu suna kawowa gida. Ana daka su cikin turmi, ana niƙa su a injin hatsi. Ashe akwai dalma cikinsu. Ƙura ta bi tsakar gida, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu.

Ba kullum za a iya kai jini Turai ba. Sai aka kawo wata ƴar na'ura mai suna LeadCare, mai aiki da batir. Ana haɗa ɗigon jini da wani ruwan magani, a ɗiga bisa wani ɗan falle. Lantarki ya jawo dalmar ta manne ga fallen, sannan ya sake ɓamɓare ta. Da haka na'urar ke auna yawanta, cikin minti 3. Iyakar ƙidayarta 65. Jinin yara da yawa ya zarce haka, alhali ko 5 abin damuwa ne.

Da wannan awo aka san wanda za a fara ba magani. Aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa. Garin Bagega sai 2013 aka share shi. A 2015 cutar ta ɓulla a jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Samarinmu na Filinge suna zuwa neman zinariya Komabangu da Jado. Ba kowane dutse ke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabewa. Kada a kawo dutsen gida. Kada a daka shi a turmin abinci. A yi wanka, a sake tufafi kafin a ɗauki yaro.