Kaskon jin ɗumi: abin da ake yi idan wutar ta mutu a daren hunturu

Tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga Sahara, sanyin asuba a yankin Gwarzo da Kabo kan kai ƙasa da digiri 15 a ma'aunin salshiyas. Abin da gidaje da dama ke ɗumama ɗaki da shi a wannan lokaci shi ne kaskon garwashi, musamman ɗakin tsofaffi da na mai jego. Wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, gas da kananzir kuwa sun fi ƙarfin aljihun talaka.

Garwashi yakan mutu cikin dare, kuma a nan haɗarin yake. Wanda sanyi ya tasa daga barci yakan zuba sabon gawayi ya hura a cikin ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, saboda haka mai barci kan zarce ba tare da ya farka ba. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da su lokaci ɗaya, sau da yawa akan ce zazzaɓi ne, wasu ma su ce iskoki.

Abin yi shi ne a buɗe ƙofa, a fitar da kowa tsakar gida, a garzaya asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi.

Idan kasko ya mutu, gara a bar shi har gari ya waye. A ƙara bargo, a sa wa yara hula da safa, a shimfiɗa wani abu tsakanin tabarma da daɓe, domin sanyin ƙasa ya fi shiga jiki. Jariri ya fi samun ɗumi a jikin mahaifiyarsa. Idan hurawa ta zama dole, a yi ta a waje har gawayin ya yi jajir, a bar taga a buɗe, sannan a fitar da kaskon kafin a kwanta. Fetur ba abin hura wuta ba ne.

Masu hita suna da nasu tarkon: a ɗauke wuta, a manta da ita a jone, a maido da wutar mutane na barci.

Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano kan yi gargaɗi duk shekara idan sanyi ya kama. Sai dai gargaɗin rediyo ba ya rage nisan hanya tsakanin ƙauye da motar kashe gobara, kuma wannan tambaya ce ta kasafin kuɗi da ta dace a yi wa shugabannin ƙananan hukumomin biyu da wakilansu a majalisar dokokin jiha.